Wata Uku Yana Tsaye a Bakin Ƙofa

Akwai wani bawan Allah da na bari tsaye a bakin ƙofa wata uku cur, hannunsa a ɗage zai ƙwanƙwasa. A shafi na 47 yake, cikin wani littafin ƙagaggen labari da na saya, kuma alhakinsa yana wuyana.

Littafin shafi 312 ne. Ranar da na sayo shi na zauna na yi lissafi irin na masu hankali: shafi 10 kowane dare, kwana 32 an gama. Daren farko na cinye shafi 30 ina yi wa kaina kirari. Na biyu 12, na uku 5. Daga nan mota ta ƙi tashi. Duk daren da na dawo daga aiki a gajiye na jingina da filo, layi uku nake yi ido ya fara lumshewa, sai dai in ji littafin ya faɗo min a kan hanci. Maiɗakina ta ce da wannan "faf" ɗin take gane lokacin kashe fitila ya yi.

Da na kai kuka wajen wani abokin aikina, sai ya ce ai Japanawa suna da kalma, wai "tsundoku": mutum ya riƙa sayen littattafai yana jibgewa ba ya karantawa. Har wani daɗi na ji, ashe ciwona da sunansa, daga ƙasar waje ma.

Kullum "ba lokaci" nake cewa, har ranar da tsautsayi ya kai yatsana inda waya ke ƙirga awannin da mutum ya yi yana latsa ta. Awa 4 da minti 10 a rana! Ni kuwa minti biyu ke isata shafi ɗaya, wato littafin gaba ɗaya bai kai awa 11 ba. Kwana uku na WhatsApp da TikTok sun isa in gama shi har a ba ni canji. Na kife wayar kamar ta zage ni.

Maimakon in rage latse-latse, sai na ɓullo da dabara. Ranar Litinin na cusa littafin cikin fayil na shiga mitin da shi, na zaɓi kujerar can ƙarshe. Dole na koma shafi na 40, don na manta wane ne ƙanin wane. Oga yana ta bayani, ni kuma ina can ina bin mutumina a lungu cikin duhu, gabana na faɗuwa, har muka sake isowa bakin ƙofar nan. Kwatsam na ji an kira sunana.

"Kai me ka gani?"

Bakina ya riga ƙwaƙwalwata. "Yallaɓai, ni dai a ganina kada ya shiga."

Ɗaki ya yi tsit. Ashe maganar wani sabon ɗan kwangila ake yi, ko a sa shi cikin aikin ko kar a sa.

"Dalili?"

"Ranka ya daɗe, abin ya yi kama da tarko."

Oga ya gyaɗa kai a hankali, ya rubuta wani abu a takarda. Ya ce ya daɗe yana neman mai zurfin tunani irin wannan, don haka in bincika lamarin in kawo masa cikakken rahoto. Rahoton nan mako biyu ya ci min, har da dararensu. Mutumina kuwa yana nan tsaye, hannu a sama.

Asabar ɗin da ta wuce na ce yau ko ni ko shi. Na damƙa wa maiɗakina wayata, na ce ko wa ya kira ba na nan. Na kulle ƙofa, na zauna a kujerar katako mai cin baya don kada barci ya yi min sata. Na juya zuwa shafi na 48, hannuna har rawa yake.

Ya ƙwanƙwasa. Ya sake ƙwanƙwasawa. Ba kowa a gidan. Ya juya, wai zai dawo gobe.

Ina zaune baki buɗe, sai na ji ana ƙwanƙwasa tawa ƙofar.

"Maigida, ogan naku ne. Na ce ba ka nan, ya ce zai jira a kan layi."