Abin da Faransa ke kira baƙuwar cuta, a Tawa ɗan gida ne

Shekara tara ke nan ina Liyon ta Faransa ina gyaran na'urorin asibiti. Ranar da na ji wata likita ta saka sikila cikin cututtukan da ba kasafai ake gani ba, sai da na ajiye abin da ke hannuna na dube ta. A Turai, cutar da ba ta kai ta kama mutum 1 cikin 2,000 ba ake kira haka. Na ce mata, Madam, a unguwarmu a garin Tawa na Nijar babu wanda bai san gidan da yaro ke kwana kukan ciwon ƙashi ba idan hunturu ya shigo.

Su nan damuwarsu ita ce yaran ba su da yawa, kamfani kuwa ba ya ƙera abin da ba zai ci riba ba. Amurka ta yi doka a 1990 da ta sauƙaƙa amincewa da na'urar cutar da ba ta kai mutum 4,000 a shekara ba, aka ɗaga zuwa 8,000 a 2016. Ta wannan ƙofa famfon zuciya na yara, Berlin Heart, ya samu shiga a 2011. Madalla. Mu namu yaran ga su nan birjik, aljihun iyayensu ne babu, sai kasuwa ta ba mu amsa iri ɗaya.

Ɗan ƙanwata yana wata biyar kansa ya fara girma, maɗigar ta kumbura tana sheƙi, idanunsa suna kallon ƙasa. Aka sha rubutu, aka yi hayaƙi, daga baya aka hau mota zuwa Yamai, tafiyar kilomita fiye da 500, yana cinyarta. Ruwa ne ya taru a kai. Wani siririn tiyo aka sa masa, daga kai ya bi ƙarƙashin fata zuwa ciki. Ta kira ni tana cewa, "Yaya, yau ya kama nono." Ban iya ce mata komai ba.

Irin wannan tiyo akwai na Indiya, Chhabra, wanda a 2005 kuɗinsa wajen dala 35 ne. Likita Benjamin Warf ya gwada shi a Mbale ta Yuganda da wani na dala 650, aikinsu bai bambanta ba. Bai tsaya nan ba: da ya ga tiyo yana toshewa alhali yaro na ƙauye mai nisa, sai ya ɓullo da fiɗar da ba ta buƙatar tiyon ma. Wannan ne irin tunanin da nake so, na wanda ya san hanyarmu da zafinmu.

Shi ya sa kwantenan tsoffin injuna da mu ƴan waje ke alfaharin turawa ba ya burge ni, ni ma na taɓa sa hannu a ɗaya. Da na je gida na tarar da injin a wani asibiti an lulluɓe shi da zane, ƙura ta yi masa rawani. Batirinsa ya mutu, kuma babu irinsa ko a Yamai.

Da kuɗin jirgin ruwan nan muka ba ɗaliban Jami'ar Abdu Mumuni su zauna da likitocin yara, su ƙera abin da ke aiki da hasken rana, wanda mai gyaran rediyo a kasuwar Tawa zai iya kwancewa ya mayar, da yanzu wani yaro yana amfana. A taron ƙungiyarmu na wata mai zuwa zan faɗi haka, ko da Alhaji ma'aji zai ɓata rai.