Ba Picasso kaɗai ne ya zana talakan Basalona ba

Jama'a duk wanda ka ce ya kawo maka mai zane daga Basalona sai ya ce Picasso, alhali shi ma a Malaga aka haife shi, zuwa ya yi. Ni dai wanda nake ganin an danne wa haƙƙi shi ne Isidre Nonell, ɗan garin na asali, haifaffen 1872, gidansu taliya suke sayarwa, ba wasu masu hannu da shuni ba ne amma ba sa kwana da yunwa.

A lokacin masu kuɗin garin fuskarsu suke so a bango, a zana madam da kwalliyarta, mai zane Ramon Casas ya iya wannan sosai kuma ba laifi ba ne. Shi kuwa Nonell a 1896 ya hau dutse zuwa Caldes de Boí, wani wuri a tsaunukan Kataloniya, ya zauna yana zana masu maƙoƙo da nakasassu, bayan yaƙin Kyuba na 1898 ya zana sojojin da suka dawo a rame ba mai kallonsu, daga nan ya koma kan matan ƙabilar Gitano, wato Gypsy na Spain, na bayan gari. Ku nemo hoton Dues gitanes na 1903 ku gani, mata biyu a takure cikin mayafi, kai a sunkuye, launi duk duhu, fentin ma da kauri kamar yaɓen laka. Ba ya sa su murmushi don mai saye ya ji daɗi, wallahi wannan ne ya burge ni.

Da ya baje kolinsa a zauren baje kolin zane na Sala Parés a 1902 sai da 'yan sharhi suka yi masa ca, wai wa zai rataya baƙin ciki a falonsa? Picasso yana matashi yana zama majalisar Els Quatre Gats, wani gidan shan kofi da masu zane ke taruwa, da su Nonell, kuma a wannan tsakanin ya shiga zana talakawa da shuɗin fenti. Ban ce kwafa ya yi ba fa, amma Nonell ya riga shi, kuma ya daɗe a kai ba tare da ciniki ba.

Sai 1910 a wani zauren baje koli mai suna Faianç Català kasuwa ta buɗe masa, aka saya aka yaba. Fabrairun 1911 taifot ta kashe shi yana da shekara 38. Yanzu matan nan da aka ƙi saya suna rataye a babban gidan tarihin zane na Kataloniya da ke Montjuïc, sai ka yanki tikiti kafin ka gan su.