Ofishin Ba da Shawara Ba Ɗakin Horo Ba Ne

Iyaye da yawa a Kano sun ɗauka ɗalibin da aka tura wajen malamin ba da shawara ya yi laifi ne, ko kuma ya samu taɓin hankali. Ba haka ba ne. Aikin malamin uku ne: karatu, zaɓen sana'a, da damuwar rayuwa. Shi ke duba sakamakon yaro a ƙarshen aji 3 na ƙaramar sakandare kafin a ce ya shiga kimiyya ko fasaha ko kasuwanci.

Zama ɗaya kan ɗauki minti 30 zuwa 45, a keɓe. Ana riƙe sirri, sai dai in yaro na shirin cutar da kansa ko wani, ko ana cin zarafinsa. Inda abin ke lalacewa shi ne a ɗora aikin kan malamin da ke riƙe da bulala, ko a ajiye teburinsa cikin ɗakin malamai. Wane yaro ne zai buɗe cikinsa a nan?

Malamin ba da shawara ba ya rubuta magani. In baƙin ciki ya wuce mako 2, ko yaro na jin muryoyin da wasu ba sa ji, ko ya faɗa shaye-shaye, sai malamin ya kira iyaye, a kai yaron Asibitin Malam Aminu Kano ko asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau.