Ƙuri'ar 'yan amshin shata

Abin haushi, kowane ɗan jam'iyya sai ya buɗe ƙuri'ar jin ra'ayi, magoya baya su yi ta dannawa, wani da waya uku, gobe a ce gwaninsu ya kwashe kashi 90 cikin ɗari. Wa ya tambayi manomin da ba shi da data? Mutum 1,000 da aka zaɓo ta canki-canka, kuskurensu kusan maki 3 ne kawai. Dubban 'yan gida ɗaya kuwa, shirme.

A 1936 mujallar Literary Digest ta Amurka ta tara amsoshi sama da miliyan 2, ta ce ɗan takara Landon zai kayar da Shugaba Roosevelt a zaɓen shugaban ƙasa. Yawancin sunayen daga masu tarho da mota aka kwaso, kuma wanda ya ga dama ne ya amsa. Jihohi biyu kacal Landon ya ci.