Tsohon fasfo a ƙasan akwati: a rufe maganar a rubuce

Duk shekara dubban ɗaruruwan mutane ne ke ɗaga hannu a Amurka su yi rantsuwar zama 'yan ƙasa, kuma a cikin rantsuwar akwai inda mutum zai furta cewa ya yi watsi da duk wata biyayya ga wani sarki ko wata ƙasa da yake ƙarƙashinta a da. Da yawa suna fitowa daga zauren da tunanin cewa shi ke nan, tsakaninsu da ƙasar haihuwa an rabu. Alhali a rajistar waccan ƙasar ko ɗigo bai canza ba. Amurka ba ta aika mata wasiƙa, ba ta kuma neman mutum ya kawo shaidar an sallame shi. Ko da fasfon ya daina aiki shekara goma da suka wuce, littafi ne kawai wa'adinsa ya ƙare, mai shi yana nan a matsayin ɗan ƙasa.

Dalili shi ne kowace ƙasa ita ke da ikon faɗin wane ne nata, kamar yadda yarjejeniyar Hague ta 1930 ta tabbatar a sashenta na farko. Saboda haka babu hukunci ɗaya da ya hau kan kowa. Chaina da Japan da Indiya suna zare mutum daga cikin 'yan ƙasarsu da zarar ya karɓi wata ƙasa da son ransa, ko ya sanar ko bai sanar ba. Birtaniya da Kanada da Faransa ba ruwansu, riƙe biyu ko uku. Najeriya ma, a sashe na 28 na kundin tsarin mulkin 1999, ta bar wa wanda aka haifa ɗan ƙasa damar riƙe wata. Sai kuma irin su Iran da Maroko, inda fita take a rubuce cikin doka amma samunta a aikace sai an sha wuya, in ma an samu.

Ra'ayina a nan shi ne, wanda ya karɓi sabuwar ƙasa kada ya bar maganar tsohuwar a rataye. In dokokin ƙasashen biyu sun yarda ya riƙe, ya riƙe a fili, ya san abin da ya hau kansa. In ɗaya ta ce sai ya ajiye, ya bi hanya ya ajiye har takardar shaida ta shigo hannunsa. Wanda ya fi kowa shiga uku a wannan lamari shi ne mai ɓoyewa, sai kuma mai zaton abin ya warware da kansa.

A Holan, wanda aka ba shi zama ɗan ƙasa yakan sa hannu tun farko cewa zai ajiye tsohuwar ƙasarsa bayan an ba shi. An ware wasu, kamar 'yan gudun hijira, da wanda ke auren ɗan Holan, da wanda ƙasarsa ba ta sallama. Sauran kuwa hukuma za ta jira su kawo shaida, wanda ya yi biris ana iya ƙwace abin da aka ba shi. Ostiriya ta fi haka tsanani. Amma labarin da ya fi dacewa a riƙa tunawa shi ne na Turkawan Jamus. A da, da yawansu sukan ajiye Turkiyya su karɓi Jamus, bayan an kwana biyu su koma ofishin jakadancin Turkiyya a mayar musu da tasu a asirce. Akwai wata kafa a dokar Jamus da ta sa hakan ba ya cutar da mazauna cikin ƙasar. Ranar 1 ga Janairun 2000 aka toshe kafar, mutane kuma suka ci gaba da yi kamar yadda suka saba. Sakamakon haka dubun-dubatar mutane suka rasa zama Jamusawa ba tare da wani ya kira su kotu ba, domin doka ce ta zare su tun ranar da Turkiyya ta sake karɓarsu. Wasu sai bayan shekaru suka ji labari, suna riƙe da fasfon da a wajen doka ba nasu ba ne, sai da suka koma neman izinin zama a ƙasar da suka riga suka zama 'ya'yanta.

Indiya ma haka take. Ɗan Indiyan da ya karɓi wata ƙasa ya riga ya fita, amma duk da haka ana so ya miƙa fasfonsa a soke, a ba shi takardar shaidar miƙawa. Tafiya da wannan fasfo bayan ya zama ɗan wata ƙasa laifi ne da ake cin tara a kansa, kuma ba tare da takardar ba sauran hulɗarsa da ofishin jakadanci takan tsaya cik. A 2022 kaɗai, alkaluman da gwamnatin ƙasar ta gabatar wa majalisa sun nuna sama da mutum dubu 200 ne suka ajiye.

Wannan duk ta ɓangaren abin da mutum zai rasa ne. Akwai kuma abin da tsohuwar ƙasa za ta ci gaba da binsa. Masu iya magana sun ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi, amma gwamnati ba ta barin nata da sauƙi haka. Sashe na 4 na waccan yarjejeniya ta 1930 ya ce ƙasa ba za ta tsaya wa ɗanta a gaban wata ƙasar da shi ma ɗanta ne ba. Da irin wannan hujja Iran ta ƙi sauraron Birtaniya kan Nazanin Zaghari-Ratcliffe, wadda aka kama a filin jirgin saman Tehran a Afrilun 2016, ba ta koma wurin iyalinta ba sai Maris ɗin 2022. A idon Iran 'yar Iran ce kawai, fasfon Birtaniyar da ke hannunta bai ba jami'an jakadanci damar ko ganinta ba. Kuma ba za a ce don me ba ta ajiye ba, domin dokar Iran ta shar'anta wa mai son fita ya kai shekara 25, majalisar ministoci ta amince, ya rabu da gidaje da filayen da ya mallaka a ƙasar, namiji kuma sai ya gama aikin soja. Koriya ta Kudu tana da nata tarkon: yaro namiji da aka haifa da ƙasa biyu, in bai ajiye ba kafin ƙarshen watan Maris na shekarar da zai cika 18, ƙofar takan rufe har sai an warware batun aikin sojansa. Amurka kuwa haraji take bi. Ɗanta ko a ina yake zaune sai ya cike takardun haraji, kuma tun bayan dokar FATCA ta 2010 bankunan duniya ke kai rahoton asusunsa. Boris Johnson, tsohon firaministan Birtaniya, wanda aka haifa a New York a 1964 ya kuma bar ƙasar yana ɗan yaro, sai da hukumar harajin Amurka ta biyo shi kan gidan da ya sayar a Landan. Ya biya, daga baya a 2016 ya ajiye.

Wani abin da mutane ke rainawa shi ne kwanan watan da ke jikin takarda. Ranar da ka cike fom daban, ranar da hukuma ta rubuta cewa ka fita daban, kuma ta biyun ce ake lissafi da ita. A 2017 rikicin ƙasa biyu ya girgiza majalisar Ostireliya, inda doka ta hana mai ƙasa biyu zama ɗan majalisa, har mataimakin firaminista Barnaby Joyce ya rasa kujerarsa saboda ya gaji zama ɗan Niyu Zilan ta wajen mahaifinsa bai sani ba. Ta Sanata Katy Gallagher ta fi ban tausayi. Ta aika wa Birtaniya takardunta na ajiye zama 'yar ƙasar a Afrilun 2016, ba a yi rajistar fitarta ba sai a Agusta, bayan an rufe karɓar 'yan takara. A Mayun 2018 babbar kotun ƙasar ta ce zaɓenta bai inganta ba. Irin haka ta faru da James Gyakye Quayson, ɗan majalisa a Gana, wanda takardar sallamarsa daga Kanada ta iso bayan ya miƙa takardun takara a 2020. Kotun ƙoli ta cire shi a 2023, sai da ya sake tsayawa ya sake ci. Waɗannan 'yan siyasa ne masu lauyoyi. Talaka da ke jiran ofishin jakadancin da ba ya ɗaga waya, ga wa'adin da sabuwar ƙasa ta ɗiba masa yana ƙaratowa, shi wa zai kai wa kuka?

Sai dai gaggawa ma tana da nata haɗarin. Kada mutum ya saki ta hannu kafin ya riƙe sabuwa, ko aƙalla ya samu alkawarinta a rubuce. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1961 ta ce ajiyewa ba za ta yi aiki ba sai in mutum yana da wata ƙasa ko zai samu. Birtaniya ta sa wannan a dokarta yadda ya kamata: wanda ya ajiye domin karɓar wata, in wata shida suka wuce bai samu ba, ana ɗauka bai taɓa fita ba. Amurka ba ta cikin yarjejeniyar, tana iya sallamar mutum ko da ba shi da inda zai dafa, ya wayi gari ba tsuntsu ba tarko, babu ƙasar da za ta ba shi fasfo.

Ba na ɗaukar masu ɓoye tsohon fasfo a matsayin mayaudara. Yawancinsu tsoro ne ke damunsu, kuma tsoron yana da tushe. Mutum yana da tsohuwa a gida, yana tunanin daren da za a kira shi a ce jiki ya tsananta, shi kuma sai ya tsaya neman biza kafin ya ga mahaifiyarsa. Yana tunanin gadon da doka za ta iya hana baƙo, da fansho, da filin da ya tara kuɗi ya saya domin ranar komawa. Bayan wannan akwai nauyin zuciya, tsayawa a gaban ma'aikacin ƙasar da aka haife ka kana sa hannu cewa kai ba nata ba ne. Duk wanda ya ce wannan ba komai ba ne bai taɓa zama da wanda ya yi ba. Abin da nake cewa shi ne ɓoyewar ba ta maganin ko ɗaya daga cikin waɗannan. Ƙasashe yanzu suna musayar bayanai, kan iyakoki sun koma kwamfuta da hoton yatsu, ranar da asiri zai tonu kuma ba mai ɓoyewa ne ke zaɓenta ba. Takan faɗo ne daidai lokacin da ya fi bukatar takardun, wajen rabon gado ko wajen nema wa jariri fasfo.

Babban laifin kuwa na gwamnatoci ne. Masu tilasta ajiyewa hujjarsu ita ce taura biyu ba ta taunuwa, biyayya ba ta rabuwa gida biyu. Na fahimci wannan ga wanda zai riƙe sirrin tsaro ko ya shugabanci ƙasa, a nan ƙasa tana da haƙƙin gindaya sharaɗi. Amma ma'aikaciyar jinya ko direban babbar mota, me takardar sallama ta ƙara wa amanarsu? Mai niyyar cin amana zai sa hannu a kowace takarda ba tare da ya ji komai ba. Mai gaskiya ne ke jin zafin sa hannun. Abin da dokar ke haifarwa a zahiri shi ne mutane su shekara talatin a ƙasa suna biyan haraji ba su nemi zama 'yan ƙasa ba, saboda ba za su iya rabuwa da ta farko ba. Jamus ta ga haka, daga ranar 27 ga Yunin 2024 ta daina neman kowa ya ajiye. A Mayun 2025 kotun tsarin mulkin Afirka ta Kudu ta soke sashen dokar 1995 da ke zare mutum kai tsaye don ya karɓi wata ƙasa ba da izinin minista ba, ta kuma ce waɗanda abin ya shafa ana ɗauka ba su taɓa rasawa ba.

Ƙasar da ake bari ita ma da nata. Sashe na 15 na sanarwar haƙƙin ɗan'adam ta 1948 ya ce ba a hana mutum sauya ƙasa da gangan. Sa kuɗin da ya fi ƙarfin mutane hanawa ce, kamar yadda Amurka ta yi a 2014 da ta ɗaga kuɗin ajiyewa daga dala 450 zuwa 2,350. Riƙe takardar mutum shekara biyu ba amsa shi ma hanawa ce. Ana iya sallamar mutum cikin mutunci a kuma bar masa hanyar zuwa gida. Turkiyya tana ba wanda ya fita da izini shuɗin kati, ya zauna, ya yi aiki, ya ci gado, sai dai ba ya zaɓe. Indiya tun 2005 tana da katin OCI mai ba da izinin shiga na tsawon rai, ko da yake ba ya ba da damar zaɓe ko sayen gona. Birtaniya ta ba wanda ya ajiye don dole damar dawowa sau ɗaya a matsayin haƙƙinsa. Da kowace ƙasa za ta yi ko da rabin wannan, da masu ɓoye fasfo sun ragu ƙwarai.

Kafin kowa ya sa hannu kuma, ya tambaya a rubuce me zai faru da 'ya'yansa, domin wannan ne aka fi mantawa. A wasu ƙasashen sa hannun uba ko uwa yana tafiya da yaran da ba su balaga ba. Dokar Indiya ta 1955 ta ce wanda ya gabatar da sanarwar ajiyewa, ƙananan 'ya'yansa ma sun fita tare da shi, kuma shekara ɗaya tak yaro yake da ita bayan ya cika 18 ya nemi a mayar masa. Yaron da ba a gaya masa ba, wa'adin zai wuce bai san an taɓa buɗe masa ƙofar ba.