Hammurabi ba shi ne ya fara ba

Wani marubuci ya ce dokokin Hammurabi, sarkin Babila na dā, su ne na farko a rubuce, kuma sun daidaita kowa. Ba haka ba ne. Dokokin Ur-Nammu, sarkin birnin Ur, sun girme su da kusan shekara 300, kuma tarar azurfa suka fi yankewa a kan rauni. A cikin dokokin Hammurabi 282 da ke kan dutsen da aka tono a Susa, cikin Iran ta yau, a 1901, ramuwar ido sai tsakanin masu daraja ɗaya. Idon talaka, tarar mina ɗaya (kusan rabin kilo) na azurfa. Idon bawa, rabin kuɗinsa, ubangidansa ke karɓa. Gini ya rushe ya kashe ɗan mai gida, ɗan magini za a kashe. To ina daidaiton, Malam?