Wanda bai taɓa juya tsoho a gado ba ya daina yi mana gori

Tun jiya nake danne zuciyata kan maganar da wani bawan Allah ya yi a rediyo, amma ta ƙi dannuwa. Wai mu masu tura ma'aikata gidaje su kula da tsofaffi al'adar Turawa muka kwaso, kuma duk ɗan da ya biya kuɗi aka kula masa da mahaifiya ya sayar da aljannarsa. Malam, ka taɓa kwana a kan mai shanyewar ɓarin jiki? Duk bayan awa 2 ake juya shi, dare da rana. In aka yi sake, fatar ƙugu da ta dunduniya ta mutu, gyambo ya buɗe, wari ya cika ɗaki, jikoki su daina shiga gaishe shi. Wa zai yi wannan juyin? Kai da ka fita kasuwa tun bayan asuba?

Mun san masu yi. Matar ɗa ce, ga goyo ga girki. Ko autar gida da aka cire daga makaranta. Ko wata ƙaramar 'yar aiki daga ƙauye, wadda ba ta iya karanta sunan maganin da take bayarwa ba. A kansu ake jibge aikin, sannan maza su zauna a majalisa suna cewa mu Hausawa ba ma yar da iyayenmu.

Kula da tsoho aiki ne, aikin da ke buƙatar hannu da sani. Zan ci gaba da maimaita wannan. Kana son Inna, ba mu musa ba, amma son da kake mata ba zai auna mata suga ba, ba zai sauya mata ƙunzugu da ƙarfe ukun dare ba. Allah ya hana mu ce wa iyaye ko da "uf" in tsufa ya riske su a wurinmu. To wanda ya bar uwarsa kwance cikin fitsari don gudun surutun dangi, da wanda ya nemo ƙwararriya ya biya, shi kuma kullum yana zaune kusa da ita yana mata hira, wanne ya fi kusa da wannan umarni?

Wai kuɗi muke nema. Eh, muna nema, likita ma yana karɓar albashi. Wai baƙo zai ga tsiraicin uwa. Mace muke tura wa mace, namiji ga namiji, magana ta ƙare. Wai kakanninmu ba su yi ba. Kakanninmu a gandu suka rayu, gida cike da hannaye. Yau ɗa ɗaya yana Abuja, ɗaya Legas, 'ya mace tana aure a Jidda. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce zuwa 2030 mutum ɗaya cikin shida a duniya zai kai shekara 60 ko fiye. Asibitin koyarwa na Ibadan ya buɗe cibiyar jinyar tsofaffi tun 2012, gwamnatin tarayya ta kafa cibiyar tsofaffi ta ƙasa a 2021, mu kuma a Kano har yanzu muna gardama kan ko neman taimako abin kunya ne.

Ku ƙannena da maganar nan ta karya wa gwiwa, musamman waɗanda suka gama makarantar koyon aikin lafiya suke zaune ba aiki, don Allah kada ku fasa. Ba sai kun kama gini ba. Ni da gida ɗaya na fara, da na'urar awon jini, da ta awon suga, da safar hannu, da littafin rubuta abin da Hajiya ta ci da lokacin shan maganinta. Ku yi rajista da CAC, hukumar yi wa kamfanoni rajista, kada ku ɗauki ma'aikaciyar da ba ta da mai tsaya mata, kuma sauya magani aikin likita ne, ba naku ba. Abin da ya fi komai wuya shi ne ciwon mantuwa. Tsohuwa za ta ajiye kuɗinta ƙarƙashin katifa ta manta, ta rantse ma'aikaciya ce ta ɗauke. Ku zaunar da 'ya'yanta tun ranar farko ku yi musu bayani, ku rubuta yarjejeniya, kowa ya sa hannu. Ku biya ma'aikaciya a kan kari, ku ba ta ranar hutu, don gajiyayyen hannu shi ke fara tsawa ga tsoho. Ranar da wata dattijuwa ta riƙe hannunki tana sa miki albarka, za ki san ba ki zaɓi sana'ar banza ba.

Af, masu gini kuma, ku ji tsoron Allah. Ana zuba tayil mai santsi a banɗaki, ga masai na tsuguno, ba ko ƙarfen riƙewa a bango. A nan Baba yake zamewa ya karya ƙugu, daga nan sai kwanciya. Kafin ka sayi labulen falo, sa masa wannan ƙarfen da kujerar wanka, ka kuma sa fitila a hanyar banɗakin.